Jawabi Ɗaya, 'Yan Takara Biyu

Masu turo min saƙo kuna cewa na cika ji da kai, na gani. Yau zan ba ku labarin wautata, ku samu abin dariya.

Ga waɗanda yau suka shigo. Shekara shida na yi a ƙasar sanyi ina karatun tsarin birane. Na dawo da takarda, da takalmin roba mai kai wa gwiwa, da tari. Aiki babu. Don kada in haukace a ɗaki, sai na riƙa bin magudanan ruwan garinmu da ƙafa ina zana su a littafi. Mama ta ce 'ya'yan mutane sun je waje sun dawo da mota, tata ta dawo tana leƙen kwalbati.

A kwalbatin bayan kasuwa fasasshiyar kwalba ta yanke ni a hannu. Na shiga shagon magani mafi kusa. Mai shagon ya wanke, ya ɗaure, ya tambaye ni abin da ya kai ni ciki. Na yi masa bayani na minti arba'in, bai kalli agogo ba ko sau ɗaya. Wata takwas ke nan. Shi ne Mai Magani. Kada ku tambaye ni ko ina son sa, ba na amsa irin wannan tambayar.

Ga matsalar: yana takarar magajin gari. Kawuna ma yana yi.

Kawu yayan Mama ne, mai motocin haya goma sha biyu. Shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba, kuma a gidanmu ko labule ba a canzawa sai ya ce to. Duk wanda zai aure ni, ta falon Kawu zai bi. Mai Magani ya ce zai turo manyansa bayan zaɓe. Na ce na yarda, amma kafin nan ko inuwarsa kada Mama ta gani kusa da ni. Ranar da aka liƙa hotonsa a katangarmu, da wuƙar kicin ta kankare shi, kuma daga ido ta fara. Maganin hawan jininta ma ta daina saye a wurinsa. Mota biyu take hawa zuwa wancan gefen gari, ta dawo jinin ya ƙara hawa.

Ƙungiyar 'yan kasuwa ta shirya muhawara ranar Asabar da hantsi, a zauren makarantar sakandare. Kowane ɗan takara minti goma: me ya cancantar da kai, kuma me za ka fara yi.

Ranar Talata saƙonsa ya shigo.

"Injiniya, kina da minti biyar?"

"Uku."

"Abin faɗa yana kaina, amma in na ga taro sai ya watse. Ki jera min."

Na rufe taga saboda injin niƙan maƙwabta, na zauna a bakin gado, na danna naɗar murya. Minti goma sha ɗaya na yi. Na ce a yashe magudanai kafin damina, kuma a fara daga ƙasan gari a hauro, ba daga gaban ofishin magajin gari ba kamar yadda aka saba. Na ce motocin shara tara ne a takarda, huɗu ne a kan titi, a nemo biyar ɗin kafin a yi maganar sayen sababbi. Fitilun titi a fara da hanyar asibiti. Mai neman izinin buɗe shago yana bin tebur bakwai, a mayar da su ɗaya. Na biyar, duk ƙarshen wata a liƙa a allon ƙofar ofis abin da aka ce za a yi da abin da aka yi, kowa ya karanta.

Daga nan na manta jawabi nake yi, na ci gaba da magana irin tamu. Na tura. Ya maido da hoton takarda shafi biyu, ya kwafe da hannunsa, rubutun nan na masu magani da babu mai iya karantawa sai su.

Ranar Alhamis Mama ta shigo ɗakina ba sallama, ta jefa min riga a kan gado. Yadi ne mai hoton Kawu, duk matan gida an ɗinka musu. Tela ya yanka tawa ta yadda hancin Kawu ya faɗo daidai cikina, kunnensa ɗaya ya shige hammata.

"Ranar Asabar ita za ki sa."

"Mama, numfashi zan yi hancinsa ya riƙa motsi."

"Ya motsa. Tashi ki rubuta wa Yaya abin da zai faɗa."

"Kawu ba ya karanta takarda."

"Shi ya sa za ki yi masa a murya."

"Ina da aiki."

"Wane aiki? Kwalbati ce ta aiko kiranki?" Ta riƙe ƙugu. "Shekara shida mutumin nan yana buga waya yana tambayar ko kina da rigar sanyi. Yau rana ɗaya za ki yi masa amfani, kina min ina da aiki."

Ta tsaya a kaina. Wanda ya san Mama ya san ba ta gajiya da tsayuwa. Na ɗauki waya, na nemo muryar ranar Talata, na tura wa Kawu. Daƙiƙa huɗu.

"An gama."

"Yanzu-yanzu?"

"Karatun waje ke nan, Mama."

Na san abin da za ku ce. Ga hujjata: magudanar garin nan ɗaya ce, ba zan ƙirƙiro ta biyu don 'yan takara biyu ne ba. Sannan na tabbata Kawu ba zai wuce minti ɗaya ba. Mutum ne da yake kashe waya kana tsakiyar gaisuwa. Na ce zai ji farkon, ya ce Allah ya yi albarka, ya hau dandamali ya yi abin da ya saba: ya lissafa iyayen mutane da ya sani.

Abu biyu na manta. Na manta wutsiyar saƙon. Na kuma manta irin kan da Allah ya ba Kawu. Bai taɓa ajiye lambar kowa a waya ba, duk a kansa suke, har lambobin motocin da ya sayar shekara ashirin baya. Abu in ya ji sau uku, ya zauna ke nan, da tarinsa da atishawarsa. Daga baya na ji cewa kwana biyu ya yi yana shiga mota, ya ɗaga gilasai, ya kunna.

Ranar Asabar zauren ya cika har tagogi. Bencin ɗalibai, fanka uku, ɗaya ce ke juyawa. Mu matan gida layi na biyu, Kawu goma sha ɗaya a jere, kowane da inda tela ya yanke shi. Mai gudanarwa tsohuwar shugabar makarantar ce, kowa Malama yake ce mata, don rabin zauren ta taɓa sa su tsallen kwaɗo. Ta ajiye ƙararrawa da agogo a gabanta. Aka jefa takardu uku a hula. Ɗan takara na uku, wanda ake kira Dakta, shi ne na farko, Kawu na biyu, Mai Magani na ƙarshe.

Na kalle shi sau ɗaya. Ya sa rigar nan mai ruwan ƙasa da na tsana. Saƙo ya shigo a cinyata: "Shuɗiyar tana wurin mai guga. Ki yafe." Na kife wayar.

Dakta ya hau da akwati mai taya. Ya buɗe, ya fara fito da takardun shaida, kowace a cikin gilashi, yana jingina su a jikin tebur yana faɗin ƙasar da ta ba shi. Ta shida ta zame ta ture ta biyar. Minti tara ya yi a haka. A minti na ƙarshe ya ce abin da zai fara yi shi ne shataletale a tsakiyar gari, mai ruwa yana tashi sama, irin wanda ya gani a waje.

Wata mai tumatir ta ɗaga murya daga baya: "Dakta, ruwa mai tashi sama ai muna da shi! Duk damina a rumfata yake tashi!"

Malama ta kaɗa ƙararrawa, amma na ga kafaɗunta na rawa.

Kawu ya hau cikin farar riga mai aiki har ƙasa, babu takarda a hannu. Ya gyara lasifika, ya dubi jama'a.

"To, ku saurara da kyau. Sau ɗaya zan faɗa."

Na sunkuyar da kai na kalli hancin Kawu a cikina. Da haka na fara saƙon.

Bai tsallake kalma ba. Magudanai daga ƙasa zuwa sama. Motoci tara, huɗu a titi. Inda na tsaya na yi tari, ya tsaya ya yi gyaran murya. Inda na ce "wannan ba ilimi ba ne, hankali ne," ya faɗa har da ɗaga yatsa, zauren ya ɗauki tafi. Mama ta damƙi hannuna.

"Kin ga Yaya? Kin ga kai?"

Ni ba Kawu nake gani ba. Mai Magani ya zaro takardarsa daga aljihu, ya buɗe a kan gwiwa, yana bi da yatsa layi bayan layi. A tebur bakwai ya daina bi. Ya ɗago ya nemo ni a cikin Kawu goma sha ɗaya, ya same ni. Bai ɓata rai ba. Da ya ɓata da ya fi min sauƙi.

Malama ta dubi agogo. "Saura minti ɗaya."

"Ya ishe ni," in ji Kawu. Ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Mai Magani. "Na shida. Ka ci abinci kafin ka hau, don in kana jin yunwa muryarka rawa take yi. Kuma don Allah kada ka sa rigar nan mai ruwan ƙasa. Kama kake da buhun siminti a ciki."

Zauren ya ɓarke da dariya. Direbobin Kawu suna dukan benci. Mai tumatir ta zame ƙasa sai da aka ɗago ta. Kowa ya ɗauka habaicin siyasa ne.

Mama ta yi dariya ita ma, sannan dariyar ta tsaya a rabi. Ta saki hannuna.

"Buhun siminti," ta ce a hankali. "Wa ya ce min haka ranar da na sayo sababbin kujeru?"

"Magana ce ta kowa, Mama."

"Muryarsa rawa take in yana jin yunwa. Yaya ina ya san muryar yaron nan da yunwa?"

"Siyasa ce. Suna bincike."

"Za ki ga bincike."

Malama ta tsayar da hayaniya, ta ce tana da tambaya ɗaya ga Kawu: me ya sa za a fara yashewa daga ƙasan gari? Kawu ya rufe ido. Leɓɓansa suka fara motsi da sauri. Na gane abin da yake yi: ya koma farko ne yana tahowa. Sai da ya iso wurin ya buɗe ido.

"Don in ka buɗe sama ƙasa a toshe, ka aika wa talaka ruwa ne da gudu."

Aka sake tafi. Maganata ce, kuma a bakinsa ta fi daɗi. Wannan ma ya ba ni haushi.

Sai aka kira Mai Magani.

Ku fahimci inda nake. Takardar tana hannunsa, muryar tana wayarsa da kwanan wata. In ya karanta, za a ce ya kwaikwayi Kawu. In ya kare kansa ya kunna wayar, muryata za ta fito a lasifikar makaranta, a gaban Mama da matan gida tara, kuma falon Kawu ya rufu ke nan.

Ya ninke takardar gida huɗu, ya mayar aljihu. Muryarsa na rawa. Bai ci abincin ba.

"Abin da dattijonmu ya faɗa gaskiya ne, duk biyar ɗin. Na shidan ma, na ji, zan canza riga."

Aka yi dariya, amma wata iri daban.

"Ni takardata ɗaya ce, tana rataye a shago, ban zo da ita ba. Shekara tara ina tsaye a bayan kantar shagon nan. Kwana uku bayan kowane ruwan sama, matan layin mayanka suke zuwa sayen maganin gudawa na yara. Ba sai na kalli sama ba, in na gan su na san an yi ruwa. In mutum ya shigo da gwiwa a ɗaye da safe, kafin ya yi magana nake cewa hanyar asibiti ce ko? Ya ce yaya aka yi ka sani. Na sani don ramin nan ya ci mutum arba'in da ɗaya, ni na ɗaure su." Ya dubi jama'a. "Garin nan kullum yana zuwa yana gaya min inda yake masa ciwo. Na gaji da sayar masa da magani. Shi ke nan."

Minti huɗu kawai ya yi. Tafin bai kai na Kawu ba. Amma mai tumatir ta ce, "Yaron nan ya san layinmu," kuma babu wanda ya yi mata dariya.

A mota Kawu ya sallami direba ya karɓi tuƙi da kansa. Mama a gaba, ni a baya. Ba mu fita harabar makaranta ba ta fara.

"Yaya, ka tambaye ta. Ka tambaye ta wa aka yi wa wannan jawabin."

"Ba sai na tambaya ba. Akwai na bakwai, ban faɗa ba." Ya gyara madubi har ya same ni a ciki, ya sirantar da murya. "Shi ke nan. Ko kai ka zo na ƙarshe, aurenka zan yi. Kashe wayar, kana cinye min caji."

Na yi shekara shida a inda ruwa yake daskarewa a famfo. Ban taɓa jin sanyi irin na wannan minti ba.

"Ka ji ko, Yaya! Ka ji abin da ake mana a cikin gida!"

"Na ji sau ashirin da bakwai."

"Shi ne ka yi shiru? Ni ina hawa mota biyu neman magani, ita tana..."

"Ke ma wa ya aike ki?" Ya kauce wa wani rami. "Ni direba ba na ba shi makulli sai na ga yadda yake yi in an daki motarsa. Yau na daki yaron nan a gaban gari. Takardar tana aljihunsa, na gan ta. Da ya kunna wayarsa, ni na zama aku, ita kuma sunanta ya zaga kasuwa kafin azahar. Ya ninke ya mayar."

"To sai me?"

"Sai ya turo manyansa."

Mama ta juya ta kalli taga, ta shiga yi wa gilashi faɗa ƙasa-ƙasa.

"Kujera dai ba zan bar masa ba," in ji Kawu. "Kuma ke Baturiya, da sharaɗi. Ranar zaɓe ni zan ɗauke ki a motar nan, in kai ki har rumfa. 'Yar da na riƙa ba za ta ba wani ƙuri'a tana cikin gidana ba. Ki dangwala min, ki fito ki nuna min yatsa, sannan in buɗe wa baƙi falo."

"Kawu, ai a ɓoye ake yi."

"Za ki kalle ni a ido ki faɗa. Ƙarya ba ki iya ba, yau na tabbatar."

Na ce to.

Wayar ta yi motsi a cinyata.

"Saboda ke ban karanta ba. Amma ya yi min zafi."

"Na sani. Laifina ne." Na daɗe ban rubuta wa mutum wannan ba, har sai da na duba ko na rubuta daidai.

"Kawunki ya fi ni baki, Dakta ya fi ni akwati. Ƙuri'a ɗaya nake so in tabbata da ita. Ranar zaɓe ki zo mu tsaya layi tare, sai in manta da yau."

Na rubuta to.

Yanzu ku da ba ku san gidanmu ba, ku zan gaya wa. Lokacin da ake rajistar masu zaɓe na je sau ɗaya. Na ga layi ya kai bakin titi, ma'aikaci ɗaya, na'ura ɗaya, ita ma tana zafi ana yi mata fifita da kwali. Na ce wannan tsarin banza ne. Na koma gida na rubuta shafi huɗu kan yadda za a gyara shi, masu kyau kuwa. Ban sake komawa ba.

Ba ni da kati. Saura kwana tara.